Darasin da Ƙararrawa ta Yanke

Da muka karɓi lisans ɗinmu, wato digirin farko, na falsafa, kowa ya kama gabansa. Wani ya shiga gidan rediyo, wata ta samu ƙungiya tana rubuta musu rahotanni, biyu suka zauna jiran jarrabawar ɗaukar ma'aikata har suka gaji da guge riga. Ni alli ne rabona. Wata lakwal, makarantar sakandare mai zaman kanta a unguwar Lazaret, ta ɗauke ni in koyar da 'yan ajin ƙarshe, masu shirin bak, jarrabawar shiga jami'a.

Sana'armu tana da tsarinta. Tambaya ɗaya ce, sai ka kare gefe guda da iya ƙarfinka, ka juyo ka rushe shi da ɗaya gefen, a ƙarshe ka ɗinke su. Ɗalibai kuwa ba saurare suke ba, rubutu suke. Ko tari ka yi sai ya shiga kaye, littafin rubutunsu.

Wata Alhamis tambayar ita ce ko mutum zai iya zama na kirki ba tare da addini ba. Gefen farko na ce a'a. Na shiga na biyu, ni kuma da son burgewa, na dinga zuba hujja kamar ana biyana kowace. Ina rufe baki da "saboda haka ɗan Adam ba ya bukatar addini" aka buga ƙararrawa. Na ce sai Litinin. Litinin ɗalibai suka shiga yaji, kwana goma babu aji. Kowane kaye ya zauna a gida da wannan jimla a layinsa na ƙarshe, ni ko a jikina.

Darakta ne ya kira ni a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce mahaifin wata ɗaliba ya karanta kayenta, tsohon ma'aikaci ne daga Damagaram, yanzu yana sayar da katako a kasuwar Katako, kuma yana son ganina. "Mushe," ya ce, yadda ake kiran malamin lakwal, "je ka da kanka. In maganar ta kai masallacin Juma'a, ba aikinka kaɗai za ka rasa ba."

A taksi na riƙa ganin kamar kowa ya sani. Na tuna mai shayin ƙofar lakwal bai yi mini tsiyar da ya saba ba da safe, na ƙara tsorata. Sau biyu na so in ce a sauke ni.

Na sami mahaifin ɗalibar zaune a kan tarin alluna, kayen a cinyarsa, maƙwabtan rumfa huɗu tsaye. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya karanta jimlar da Faransanci mai kyau, ya fassara wa mutanen da Hausa.

"Kai ka faɗa?"

"Ni ne, Alhaji. Amma rabin darasi ne."

"To ƙarasa mana. Ga mu."

Ban taɓa yin falsafa da Hausa ba sai ranar. Injin yanka katako na ƙara a bayana, na yi ta laluben kalmomi. Na ce gefe na biyu ana kafa shi ne don a gwada na farko. Wani dattijo ya ce, "Wato ka iya kare abin da ba ka yarda da shi ba?" Na ce aikin ke nan. Ya ce, "To wannan da kake faɗa mana yanzu fa?"

Alhaji ya rufe kayen ya ce ya ji, ba zai kai maganar gaba ba, amma 'yarsa ta bar ajina. Darakta bai kore ni ba, ya mayar da ni koyar da nahawu a ƙananan azuzuwa.

Na ɗauka a nan maganar ta tsaya, ashe ta kai har gidanmu. Bayan mako guda muna dawowa daga sallar La'asar da mahaifina, wanda bai taɓa tambayata me nake karantawa ba tsawon shekarun jami'a. A ƙofar gida ya tsaya yana gyara takalmi, bai dube ni ba.

"Wannan da muka yi yanzu," ya ce, "don Allah kake yi, ko don ina kallo?"

Na ce don Allah ne, Baba. Ya gyaɗa kai ya shige, kuma na ga bai san ko zai yarda da ni ba.