Yatsan Yaya Sani a Gindin Fitila

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sani, amma har yau in na ji warin fenti sai gabana ya faɗi.

Mu 'ya'yan maƙera ne daga Damagaram. Shi ya sa da ya sami aikin kankare tsatsa da shafa fenti a tsofaffin fitilun titin Paris, waɗanda aka zuba da ƙarfe tun zamanin kakannin Faransawa, bai raina ba. Ni ce na raina. Nakan ce, "Yaya, ka ƙetare teku don ka yi wa sanda wanka?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba ki san ƙarfe ba."

A gidanmu maƙeri ba ya sakin aiki babu alamarsa. In Sani ya gama fitila, sai ya durƙusa ya dangwala babban yatsansa a ɗanyen fenti, can gindi, inda idon shugabansa ba ya kaiwa. Ya taɓa nuna mini guda kusa da unguwar Goutte d'Or.

A gida Damagaram aka binne shi. 'Yarsa Hadiza, wadda nake riƙo a Vénissieux kusa da birnin Lyon, shekararta huɗu a lokacin, kuma ba ta taɓa ganin kabarinsa ba. Ni na riƙa ba ta labarin yatsan. Bana ta kafe sai na kai ta ta gani.

Da muka je Paris, muka tarar fitilar tana nan. Doka ta hana a tumɓuke ta ko a sauya mata kama, don kayan tarihi ce. Da Sani yana raye, da ya yi ta cika mini baki. Abin da ban lissafa ba shi ne, kula da ita ya haɗa da sake mata fenti. Na durƙusa, mutane suna ratsa ni, na shafa gindin ta ko'ina. Sumul.

"Gwaggo, c'est où? Ina yake?"

Na ga wani ɗan gurbi, wataƙila iska ce ta shiga fentin. Na ce, "Ga shi nan." Ta ɗora yatsanta, ta daɗe a tsugune, ta yi masa Fatiha.

Mu duka za mu tafi mu bar ƙarfen a tsaye. Na Sani kuwa, babu abin da ya rage a titin nan sai ƙaryar da na yi, kuma tana cin raina. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini. A jirgin komawa Lyon ina ta neman yadda zan faɗa mata gaskiya, sai ta juyo ta ce, "Gwaggo, kin gani? Yatsana ya zauna daidai cikin nasa."