An tambaye ni tusa gaban surukaina

Wata huɗu ban ce uffan ba a wannan dandali. Yau zan yi magana.

Ni na fara da dakon buhun gero a kasuwar Shinkafi. Ni na sayi motar hatsi, na ƙara biyu, na gina gida a Ƙaura. Ba wanda ya kama mini.

Sai ga ciwon ciki da amai. Aka ɗauki hoto, aka ce hanjina ya naɗe. Aka yanka ni.

Da na farka likita ya ce, "Alhaji, hanjin da anka taɓa fushi yake yi. Ya kwanta, bangonsa ya yi rauni kamar randa mai yoyo, ƙazantar ciki na iya ratsawa cikin jini. Kar ka sa komai a baki sai mun ce."

Kullum da safe malamar jinya, sa'ar ɗiyata, ta tsaya kaina: "Baba, ka yi tusa?" Gaban surukaina! Ni!

Rana ta biyu yayata Hajara ta iso daga Dauran da ƙwaryar fura ƙarƙashin mayafi. "Lawali, mutanen ga yunwa za su kashe ka da ita. Fura ai ba abinci ba ce, ruwa ce."

Na sha. Ba ta matsa mini ba, ni na ga ban saba jiran izinin kowa ba.

Kafin la'asar cikina ya koma ganga. Amai kore, mai warin masai, ta bakina. Tir! Zazzaɓi ya rufe ni. Ma'aikatan asibiti sunka zura mini roba ta hanci, ina kallon abin da ke cikina yana tsiyaya a leda. Har yau in na tuna sai na tofar da miyau.

Likita bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ko mu sake buɗe ka, ko hanjin ya tashi." Nan na ji tsoro.

Rana ta tara iska ta fita. Ɗaki duka ya ɗauki Alhamdulillahi, wani tsoho har da "Barka, Mai Fura!"

Na gode wa Allah, na gode wa malamar jinyar da nake harara.

In an yi maka aikin ciki, kar ka ci sai an ce. In an ce tashi ka taka, taka. Masu dubiya, ku bar ƙwarya gida.

Saura abu ɗaya. Na koma a duba ni, na iske an rubuta "Mai Fura" da fensir a bayan katina. A goge. A rubuta Alhaji Lawali Na-Dauran, da biro.