Biyu a Rana

Ranar da aka ce za a gina wa asibitinmu sabon ɗakin magani, na hango Malama Adawiyya a filin bayan ɗakin haihuwa tana jan tabarma a ƙasa. Ta shimfiɗa, ta zauna, ta tashi, ta ƙara wata a gefenta. Ni mai yankar kati ce, kuma Allah ya yi ni da son sanin abin da bai shafe ni ba, sai na tsaya kallo har masu jiran kati suka fara tsaki.

Malama Adawiyya 'yar Kusasu ce. Mahaifinta manomi ne, shi ya dage ta karanci aikin magunguna, ta gama ta dawo Birnin Gwari ta kama aiki. Shekara ashirin da biyu ke nan tana tsaye bayan taga ɗaya, a ɗakin da in ka miƙe hannu sai ka bugi kwali. Ta iya Fulatanci, tana taɓa Gwaranci, amma faɗa da Hausa take yi. Kullum in mun zauna cin abinci, ita a kan kwali, sai ta ce burinta kafin ritaya ta samu ofis mai ƙofa inda za ta tuɓe takalmi ta miƙe ƙafa.

Ranar Talata Injiniya Abdulsamad ya zo daga Kaduna da zanen ginin. Ba zan ci zalinsa ba, ya san aikinsa. Ya tambayi kwali nawa ke shigowa a wata, mutum nawa ake sallama a yini, firji nawa ake bukata don allurai. Ya ware sito, ya bar hanya tsakanin kantoci yadda amalanke za ta wuce, ya sa taga biyu. A kusurwa kuma ga ɗan ɗaki an rubuta masa ofishin shugabar sashe. Na zunguri Malama Adawiyya, don ita ce shugabar, ta yi kamar ba ta ji ba.

"Injiniya, ina wurin zama?" in ji ta.

"Ga benci a waje, Hajiya."

"Ba na masu jira ba. Inda zan zauna da mutum in yi masa bayani. Tabarma biyu, tawa da tasa."

Ya ce fili ya ƙare, ko taku ɗaya bai rage ba, kuma ai magani ta taga ake miƙawa a ko'ina.

Ba ta yi gardama ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Jakarta ta buɗe ta ciro wani katin maganin zazzaɓi da ya tsufa ya yi jawur, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalla ba. Na sha ganinsa a jakar, na sha tambaya, tana ce min in kama harkar gabana.

Ta ce shekara tara da suka wuce, cikin watan marka, wani makiyayi mai suna Bakoji ya kawo matarsa daga rugarsu can bayan Randagi. Ranar kasuwa ce, layi har bakin ƙofa, kowa na turo hannu. Ta miƙa masa maganin ta taga ta ɗaga murya ta ce, "Sau biyu a rana!" Ya gyaɗa kai, suka hau babur suka tafi. Ita ba ta san Hausar tasa ta cinikin shanu ce kawai ba.

Bayan kwana biyar ya dawo shi kaɗai, ya ajiye mata katin a bakin taga. "Malama, rana ba ta fito ba," in ji shi. Kwana huɗu ana marka, kullum yana fita yana duba sama, yana jiran rana ta haska ya fito da matar ya ba ta. A rana ta huɗun ta rasu.

"Da na zaunar da shi na ce ya maimaita min abin da ya ji, da na gane," in ji Malama Adawiyya. "Ta taga ba a maimaitawa."

Na ji kunyar duk tambayar da na riƙa damunta da ita. Injiniya ya daɗe yana duban takardarsa, sannan ya ɗora yatsa a kan ɗan ofishin nan na kusurwa. Ya ce wannan ɗakin kaɗai za a iya taɓawa, tabarma biyu za su shiga, amma tebur da kujera ba za su shiga ba. Ta ƙura wa ɗakin ido.

"Goge sunan," in ji ta.

An gama ginin bara. Har yau a kan kwali take cin abinci, kuma baɗi za ta yi ritaya. Jiya na leƙa ɗakin, na same ta zaune da wani dattijo, takalmansu a bakin ƙofa, tana nuna masa ƙwayoyi a tafin hannu.

"Bayan Asuba, sai bayan Magariba, ko ana ruwa ko ba a yi. To Baffa, maimaita min."