Firjin Si Basu

Si Basu ya shekara talatin yana tuƙa bas tsakanin garuruwan Azru da Meknas, kuma tun da ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu na kan dutse, babu abin da bai sani ba. Ko kaza ce ta yi ƙwai, sai ya gyara mata zama.

Kowace kaka matarsa Itto takan yanyanka naman rago, ta barbaɗe shi da gishiri da yaji, ta shanya a igiya. Shi suke ci idan dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Bana Basu ya ce an daina wannan ƙauyanci. Ya sayo firji dogo, mai gidan ƙanƙara a sama. Gurnaninsa ya hana shi barci, sai ya sa aka kai shi ɗakin ajiyar itace a bayan gida, inda sanyi ke daskarar da ruwan buta.

"Sanyi a waje, sanyi a ciki," in ji shi. "Ke Itto, naman nan sai ya shekara."

"To, maigida. A bar mini ko cinya ɗaya in shanya."

"Ko tsoka ɗaya!"

Rago guda ya shige ciki. Sanyi ya kankama, firji ya yi tsit, Basu ya bi maƙwabta yana yabon injin da ba ya cin wuta.

Ranar da hanya ta rufe, Itto ta je ɗauko naman kuskus. Wari ne ya fara yi mata maraba. Ta zauna a kan itace ta yi kuka, don ita ta yi kiwon ragon nan wata tara.

Aka kira Haddu mai gyaran wuta. Ya leƙa, ya toshe hanci.

"Lafiyarsa ƙalau, Si Basu. Ya ji ɗakin da sanyi ne, ya ɗauka aikinsa ya ƙare, ya kwanta. Da rana in an ɗan sami ɗumi, nama ya narke. Ai duk wannan yana cikin takardar bayanin da ta zo da shi."

Takardar kuwa da ita Basu ya hura murhu tun ranar farko.

Kwana arba'in suka yi a kan wake da albasa. Itto ba ta taɓa ɗaga murya ba. Kullum dai in ta ajiye masa kwano, sai ta ce, "Bismilla, maigida. Yi hankali da ƙashi."