Wanda Ya Tsara Taken Labarai Yana da Suna

Bana shekara ashirin da tara ke nan da rasuwar wana, Yaya Nuhu. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. A duk tsawon shekarun nan babu safiyar da ba na jin sa, kuma da yawanku masu karatu kuna jin sa, sai dai ba ku san shi ba. Kiɗan nan da gidan rediyon da ya yi wa aiki ke sakawa kafin labarai, wanda kalangu ke buɗewa sarewa ta biyo baya, shi ya tsara shi. Na san akwai gida a Tudun Wada da za a yi kwanaki ba a amsa gaisuwata ba saboda na rubuta haka, kuma na rubuta.

Gidanmu gidan malamai ne. Kakanmu ya karantar, mahaifinmu ya karantar, babban wanmu Yaya Alhaji shi ke zaune a kan buzun yanzu. Nuhu ya yi sauka kamar kowa, amma kunnensa daban Allah ya yi shi. Tun muna yara, in mata suna lugude a tsakar gida, sai ya tsaya ya ce taɓarya guda tana makara, har ya nuna mai ita. Inna ta sha jifan sa da mafici a kan wannan iyayi. Da ya samu aiki a ɗakin haɗa sauti na gidan rediyo, sai gida ya samo masa suna mai tsabta, aka ce injiniya ne. Duk wanda ya tambaya, injiniya. Shi kuwa ya yi dariya ya bar su.

Na ga yadda aka yi taken nan da idona. Shi da wani mai kalangu, da abokinsa Yohanna na Wusasa wanda ya koyi busa sarewa a coci, suka yi ta ɗauka suna gogewa. Nuhu bai yarda da manyan lasifikan gidan rediyo ba, ya ce a cikinsu ko tarin akuya daɗi yake yi. Sai ya zuba kiɗan a kaset, ya kawo teburin mai shayin bakin layinmu da safe, lokacin da risho ke huci, motoci ke hon, mutane ke gardamar ƙwallo. Ya sa a ƙaramar rikoda mai batir da ya kusa mutuwa, ya tsallaka titi ya tsaya yana kallo. In kawuna ba su juyo ba, ya ɗauki kayansa ya koma. Mai shayin har ya gaji ya ce, "Malam Nuhu, ko dai ka sha shayi ko ka ba ni teburina."

Ni ma ya gwada a kaina. Akwai wani wuri a tsakiya da kalangun ke yin wani salo mai shiga jiki, na ji ban san lokacin da kafaɗata ta motsa ba. Ya tsayar da kaset ya ce wannan wurin ya fita ke nan. Na ce ai shi ne mafi daɗi. Ya ce, "Hajara, kiɗan nan shi zai shiga gaban labarin an yi ruwa, shi zai shiga gaban labarin mota ta kife. In ya yi murna ya ci zarafin masu kuka, in ya yi kuka ya tsorata mutane a banza. Aikinsa kawai ya ce wa jama'a ku yi shiru, ga magana." Na yi fushi da shi ranar, don har gobe ina tuna salon da ya yanke.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa da gidan labaransa a waya, kuma kowanne yana buɗewa da wani irin ƙara kamar an tayar da yaƙi, sai ka gama firgita ka ji ashe farashin tumatir za a faɗa. Yaran da ke haɗa kiɗa da kwamfuta ba za su dame shi ba, na san halinsa, kujera zai ja ya zauna kusa da su yana tambaya har su gaji. Abin da ba zai yafe ba shi ne a tsorata mai sauraro don a riƙe shi. Yakan ce wanda ya kunna labarai da safe yana da isasshen abin da ke damun sa.

Ranar da ya rasu, Yaya Alhaji ya aika gidan rediyon da saƙo: a sanar, amma a ce ma'aikaci, kada a ambaci kiɗa. Muna zaune a tsakar gida, mata sun cika ko'ina, sai rediyon maƙwabta ya ɗauko ta kan katanga. Kalangun Nuhu ya buɗe, sarewa ta shiga, aka yi labarai, sannan aka ce Allah ya yi wa ɗaya daga cikin injiniyoyinmu rasuwa. Da aikinsa aka tara mutane su saurara, aka kuma ɓoye cewa nasa ne. Na yi magana a lokacin, aka ce mini ba ranar magana ba ce. Bayan arba'in na sake yi, aka ce a bari yarinya ta girma. Haushin wannan rana bai taɓa sauka daga ƙirjina ba.

Yarinyar ita ce Safiya, 'yarsa tilo, wadda ya bari tana tatata. Gaskiya ɗaya ce, Yaya Alhaji ya riƙe ta riƙon da ko uba sai haka. Ya yi mata karatun allo da na boko, yau ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune a Hanwa da iyalinta. Ba ni da bakin da zan zage shi a kan wannan. Amma ta girma ta yi 'ya'ya tana faɗa musu kakansu injiniya ne mai gyaran wayoyi.

A watan jiya wata ma'aikaciyar gidan rediyon ta zo har gida. Ta ce za su canja taken a ƙarshen wannan watan da muke ciki, zamani ya juya, kuma suna so ranar da za a saka shi na ƙarshe wani daga dangi ya zo ya faɗa wa duniya wanda ya tsara shi. Na ɗauki mayafi na nufi zauren Yaya Alhaji. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Hajara, ba a taɓa kiran gidan nan gidan makaɗa ba, ba kuma a kaina za a fara ba."

Na ce, "Yaya, ai ba gida aka ce a kira ba, Nuhu aka ce."

Ya ce, "Rufin asiri muka yi masa."

Na ce, "Me ya sata?"

Sai ya jawo littafinsa, wato an sallame ni. Daga zauren ban koma gida ba, keke na tara zuwa Hanwa, na zaunar da Safiya na faɗa mata komai.  Ta ce, "Gwaggo, ni fa in ya fara, lokacin nake tashi in je in sauke ruwan shayi, in ce bari su gama kaɗe-kaɗensu kafin in dawo." Sai ta rufe fuska da gyalenta. Wannan shi ne abin da rufin asirin ya haifar, kuma ina so wanda ya yanke shawarar ya karanta shi a jarida.

Ban zo yin fatawa ba, ban kai ba, gidanmu cike yake da waɗanda suka fi ni. Malamar firamare ce ni da ta yi ritaya, abin da na sani shi ne ba a goge sunan yaro daga aikin da ya yi da hannunsa. In abin da Nuhu ya yi laifi ne, to a nema masa gafara da sunansa, kamar yadda muke nema wa kowa. In kuwa ba laifi ba ne, me ake ɓoyewa? Shekara da shekaru ana karatu a zauren nan, ana dakatawa a ji labarai in taken ya tashi, ban taɓa jin an ce a kashe rediyo ba.

Taken zai tafi, ba na jayayya da wannan. Kaset ma ya tafi, mai shayin ya rasu, Yohanna ya tsufa har numfashinsa ba ya isar sarewa. Abin da zai saura na Nuhu kaɗan ne: tsofaffi da za su riƙa jin kalangun a kunnensu in lokacin labarai ya yi, da kuma abin da 'yarsa za ta faɗa wa 'ya'yanta. Na farkon ba a hannunmu yake ba. Na biyun kuwa ba zan bari a sake taɓa shi ba.

Safiya ta je da ƙafarta ta durƙusa gaban mutumin da ya raine ta, ta ce, "Baba, ina neman izini, amma ko ba ka ba ni ba zan je." Bai ba ta ba. Ta fito tana kuka, ta kira ni ta ce ita za ta yi maganar, ni in zauna a gefe in kama bakina, don ta san halina. Na yarda. In taken ya ƙare a ranar, kada ku tashi sauke shayi. Za ku ji wata mata ta ce sunanta Safiya Nuhu, mahaifinta ɗan gidan malamai ne na Tudun Wada, kuma makaɗi ne.