Magudanar da Yaya Sale Ya Bari

Shekara takwas ke nan da muka kai wana, Yaya Sale, makwancinsa. Ni ba marubuci ba ne, a aji shida na tsaya, kuma sau uku ina yaga takardar nan don tsoron kada in faɗi abin da ba haka ya faru ba. Amma akwai abin da ya bari a fadamarmu ta bayan Kudan da nake so a sani.

Da ya haƙa kududdufi a saman gonarsa ya zuba 'ya'yan tarwaɗa da karfasa, dariya aka yi masa. A wurinmu fadama ta rake ce da tumatir, wai shi ya ɓata ƙasa zai koma masunci. Ni kuwa tambaya na dame shi da ita: in kifin ya mutu fa, in akuyar wani ta faɗa ciki fa? Ya kewaye wurin da ƙaya, ya ce in kawo tsoro na gaba. Daga bakin kududdufin ya ja wata 'yar magudana ta gangara cikin fangalin tumatir da attarugu. Idan ruwan kifi ya yi kore sosai, sai ya buɗe ta, ya sake cika kududdufin da inji daga rijiya. Dusar masara da ragowar ganyen lambu kuma su koma wa kifi.

Ya rasu ya bar 'ya'ya ƙanana, riƙon gonar ya dawo hannuna. Dukiyar marayu wuta ce, kuma tsoronta ne ya sa na yi kuskure. Na ga ruwan nan kore, yana ɗan wari, na ce ba zan zuba ƙazanta a kan abin da Musulmi za su ci ba. Na toshe magudanar, na karkatar da ruwan zuwa rafi, ina ba tumatir ruwan rijiya garau. Ganye ya fara yin rawaya. Na yi zaton cuta ce, har Makarfi na je neman magani. Matarsa, Yaya Hajara, wadda ba ta taɓa raga mini a wasa ba, ita ta zo ta tsaya a bakin lambun.

"Malam Fargaba," ta ce, "dattin da kake kora rafi shi ne takin yayanka. Shekara nawa kana binsa, ba ka taɓa duba ƙasa ba?"

Rashin sani ya fi dare duhu. Na buɗe magudanar a ranar, tumatir ya farfaɗo, amma rabin amfanin shekarar ya riga ya tafi. Har yau ina neman gafarar Allah a kan rabin nan.

Yanzu taki ya yi tsadar da ƙaramin manomi sai dai ya saya a kwano. A Ikara na ga masu kiwon kifi cikin tamfol suna sakin ruwansu a kwata yana bin titi. Nakan ce da Yaya Sale zai gani, ba zai yi faɗa ba, don ba halinsa ba ne. Tambaya zai yi ko akwai mai lambu a kusa.

Bara, da yaran suka girma, aka raba gado. Malamai suka fitar wa Yaya Hajara da 'yarta haƙƙinsu a gonar tudu, fadamar ta zama ta maza biyu. Aka ja igiya, kududdufi ya faɗa rabon Habibu, babban, lambu ya faɗa na Lawal. Abin da nake tsoro ke nan, kuma ya faru. Suka saɓa a kan wanda zai zuba wa inji mai, Habibu ya jera buhunan yashi a bakin magudanar. Suka daina gaisawa.

Ban iya sulhu ba, ban kuma iya magana a gaban taro ba. Na jira har kifin Habibu ya fara tasowa sama yana haki, attarugun Lawal ya yi irin rawayar da na sani. Sai na kira su bakin magudanar, na ba su labarin wautata, wadda ban taɓa faɗa musu ba saboda kunya. Na ce ni ma na taɓa toshe ta, kuma abincinsu na ɓata a lokacin.

Habibu ya ce, "Baffa, da ka faɗa tun farko." Ya kama buhun farko, wanda ya jiƙe ya yi nauyi, ya kasa ɗagawa. Lawal ya tuɓe takalmi ya kama ɗaya gefen.

Yaya Sale bai bar gidan bene ba, ko Makka bai samu zuwa ba. Ya bar gona ce wadda igiya ta raba, amma mai sama ba shi da inda zai kai ruwansa sai wurin mai ƙasa. Ban sani ba ko da gangan ya yi, kuma ba zan ƙaga masa abin da bai faɗa ba. Abin da na sani, duk ranar sakin ruwa sai Habibu ya kira ƙanensa a waya ya ce ya zo ya buɗe fangali. Allah Ya jiƙan Yaya Sale, Ya sa ruwan nan ya zame masa sadaka mai gudana.