Barkar da Muka Kai wa Baba Ɗan Kuroshiya

Akwai wata Asabar da ko tsufa ya rikita ni ba na jin za ta fita daga kaina, ranar da na rangaɗa guɗa a ƙofar mutumin da ke cikin baƙin ciki.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai muna haya a wani gidan bene kusa da High Point Road, a birnin Greensboro na Amurka. A ƙasanmu akwai wani tsohon Bature ɗan Kuroshiya da yaƙin ƙasarsu ya koro. Baba muke ce masa. Turancinsa gurgu, nawa ma da sanda yake tafiya, amma hira muke sha kamar 'yan gari ɗaya. Hirar kuwa ɗaya ce kullum: ƙauyensu.

Idan bazara ta shigo, garin furen itatuwa ya rufe motoci, sai Baba ya tare ni a wajen ajiye motoci ya zana mini taswira da yatsa a jikin motar maigidana. Ga dutse, ga rafi, ga ƙauyen sama inda aka haife shi, ga ƙauyen ƙasa inda a cewarsa ba mutumin kirki ko ɗaya. Ƙauyukan biyu ƙaramar hukuma ɗaya ce. Ya ce Turkawa sun zo sun tafi, sarakunan Austiriya sun zo sun tafi, amma har yau ba a gama musun wanda akuyarsa ta fara tsallaka rafin ba. Ni dai dariya nake yi, don mutanen da ke layinmu ma sun fi hukumar tasu yawa.

Shi ba dariya yake ba. Gidansu da kabarin mahaifiyarsa suna can sama, hanyar da ke hawa kuwa ta lalace tun lokacin yaƙi, mota ba ta bi, gwiwoyinsa kuma ba za su kai shi ba. Burinsa a zuba wa hanyar kwalta ya koma gida. Da ƙanensa ya tsaya takarar magajin gari, Baba ya koma kamfe ta waya, yana daka wa tsofaffin ƙauye tsawa daga Amurka.

Rannan jikarsa ta gaya mini a matakala cewa ƙanen ya ci zaɓe. Ban tsaya jin sauran ba, na haye sama na buga wa Alhaji, kawun maigidana, mai sayar da tsofaffin motoci. Mu a wajenmu, in naka ya hau kujera, kai ma ka hau.

"Magajin gari? A Turai?" in ji Alhaji. "Ke 'yar nan, ɗora tukunya. Hukuma ai ba ta rasa buƙatar motoci."

Na ce, "Kawu, Baba fa ya ce a tarakta ƙanen yake yawo."

"To kin gani! Mutum yana neman mota ke nan."

Asabar da rana muka sauko a jere. Alhaji ya sha babbar riga mai aiki har ƙasa, maigidana na riƙe da kular shinkafa da kaji, ni ina gaba. Baba na buɗe ƙofa na saki guɗar da sai da karen maƙwabta ya amsa.

Ya tsaya yana kallonmu, ido jajir, gemu ba aski. Ni da wautata na ɗauka kukan daɗi ne, na ƙara wata. Alhaji ya kama hannunsa ya fara jawabi, daga Allah ya taya riƙo har ya gangaro kan ingancin motocinsa.

Baba ya janye hannu ya zauna. Ya ce mutanen ƙauyen sama sun ƙare, saura tsofaffi kaɗan, ƙuri'unsu ba sa kai kowa ko'ina. Don haka ƙanensa ya sauka ƙauyen ƙasa ya yi musu alkawari: kwaltar da za a zuba wa hanyar dutse, a gaban filin ƙwallonsu za a zuba ta. Da wannan ya ci.

"Ƙanena ya ci," ya ce, "ni ne na faɗi."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa ido. Tausayinsa kuma ya kama ni har na ji hawaye. Alhaji ya cire hula ya shafa kai, sannan ya dube ni.

"Ashe su ma sun iya irin siyasarmu," ya ce a hankali. "'Yar nan, zuba masa abincin. Jaje muka zo."

Haka muka zauna muka ci kajin barka a zaman jaje. Zancen mota bai sake tasowa ba.

Har muka tashi daga gidan Baba bai koma ƙasarsu ba, kuma ban sake jin ya zagi ƙauyen ƙasa ba, tunda maganar ƙauyen ma ya daina. Tun daga ranar, ko shugabancin ƙungiyar mata aka ce wata ta ci, ba na buɗe baki sai na fara duba fuskar 'yan gidansu. Na koyi cewa mutum zai iya faɗuwa a zaɓen da ɗan uwansa ya ci.